Madam Walker da sana'ar man gashi: me ta yi wanda iyayenmu ba su yi ba?

Maman_Ilham_KT:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon masu sana'a irin tawa su sa baki. Ni man gashi da sabulu nake haɗawa a gida, nan Ƙofar Marusa. Na karanta tarihin wata baƙar fata 'yar Amurka, Madam C.J. Walker, abin ya tsaya mani a rai. Sunanta na asali Sarah Breedlove, an haife ta a 1867 a jihar Louisiana. Iyayenta bayi ne a gonar auduga, ita ce ta farko a ɗakinsu da aka haifa bayan an 'yanta bayi. Tana shekara 7 ta zama marainiya gaba da baya, tana 14 ta yi aure, tana 20 mijin ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya. Wankau ta yi ta yi a birnin St. Louis, abin da take samu a wuni bai wuce dala ɗaya da rabi ba. Amma lokacin da ta rasu a 1919 tana da masana'anta tata ta kanta, ga dubban mata suna cin abinci ta dalilinta.

Kakanninmu da iyayenmu sun daɗe suna haɗa kayan gyaran jiki, daga sabulun salo zuwa man kitso da turaren wuta, wasu har sunansu ya zaga gari. Amma ranar da mai sana'ar ta kwanta dama, sana'ar sai ta bi ta. Me wannan matar ta yi daban? Ni a ganina ba ingancin man ne ya ɗaga ta ba, koyar da wasu matan da ta yi ne. Ku ya kuka gani?

Uwargida_Rafindadi:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sa wa sana'a albarka 'yar uwa. Wallahi kin taɓo inda yake mani ƙaiƙayi. Kakata ta wajen uwa tana da wani haɗin man kitso da har daga Batagarawa ake aiko da kwalba. Mu jikokinta babu wadda ta san abin da take sawa a ciki. Sai dare ya yi ta rufe ɗaki take haɗawa. Yau ko ɗigo babu.

Abu_Sadiq_Daura:
Hajiya Maman Ilham, ina ganin kin haɗa abin da bai haɗu ba. Amurka fa ake magana. Ko a wancan zamanin suna da jirgin ƙasa da ke ratsa ƙasar, suna da gidan waya da ke kai kaya har ƙofar gida, ga jaridun baƙar fata da take buga talla a ciki. Tsohuwar da ke Daura a shekarun nan, da me za ta kai kayanta Kano, balle Ikko? Ba wayo ta fi su ba, wuri ta samu.

Malama_Binta_Tarihi:
Malam Abu Sadiq, akwai gaskiya a maganarka ta gidan waya, don kuwa ciniki ta hanyar aika saƙo ya taimake ta ƙwarai. Amma kada mu ɗauka wurin nan shimfiɗa aka yi mata. Lokacin nan baƙar fata a jihohin kudu na ƙasar Amurka ba ya shiga taragon jirgi ɗaya da bature, ba ya sauka a masaukinsu, kuma ana iya kama mutum a rataye shi ba shari'a. Mace kuma ko ƙuri'a ba ta da ita a mafi yawan jihohi, sai a 1920 aka tabbatar wa mata wannan 'yancin a faɗin ƙasar, shekara ɗaya bayan rasuwarta. Karatun boko da ta yi tana yarinya bai wuce na wata uku ba. Jirgin ƙasar da kake faɗi, ita a taragon wariya take shiga, ta sauka a gidajen mutanen coci, ta tara mata ta wanke masu kai da hannunta su gani da idonsu. Sauran baƙaƙen fata miliyoyi ma suna da jirgin da gidan wayar, me ya sa ba su zama ita ba?

Sai dai ina da gyara ga ita mai tambayar. Ba Madam Walker ce ta fara wannan tsari ba. Akwai wata baƙar fata, Annie Malone, mai kamfanin Poro a St. Louis. Ita ta riga ta fara sayar da man gashi gida-gida ta hannun wakilai, kuma Sarah ɗin ma wakiliyarta ce wajen 1904. A 1905 ta koma birnin Denver tana sayar da kayan Malone, daga baya ta ɓalle ta fito da nata. Malone ta zarge ta da kwaikwayon haɗinta, suka yi ta gaba har ƙarshe.

Zee_Kwalliya:
Kai! Wato yarinyar shago ce ta koyi aiki ta gudu da sirrin uwar ɗakinta. To wannan fa shi ne abin da iyayenmu suke tsoro, kuma ga shi ya tabbata.

Hajiya_Mai_Humra:
Zee kin faɗi gaskiya ɗiyata. Ni na daɗe ina haɗa humra da turaren wuta, a wajen wata Shuwa na koya lokacin muna zaune Maiduguri, kuma kuɗi na biya masu yawa. Na taɓa ɗaukar wata yarinya, na riƙe ta kamar ɗiyar cikina, na nuna mata komai tun daga jiƙa icce har zuwa ma'aunin turare. Ba ta rufa shekara ba ta buɗe nata a bayan layinmu, ta karya farashi, ta bi kwastomomina ɗaya bayan ɗaya a waya. Na yafe mata, amma tun daga nan ɗaki nake rufewa. Wanda bai ɗanɗana ba shi zai ce rowa ce.

Maman_Ilham_KT:
Hajiya Allah Ya ba ki ladan haƙuri, abin da ciwo. Malama Binta na gode da ƙarin bayani. Amma ku duba, ai wannan ma yana ƙarfafa maganata. Ita Malone ɗin da wakilai ta yi arziki, har ta gina makarantar Poro a 1918. Duk su biyun da suka koyar sun yi nisa. Da Malone ta rufe ɗaki, gaskiya ne Sarah ba za ta fita da komai ba, amma ita ma da ba ta wuce unguwarsu ba.

Pharm_Kabir:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Maganar sirrin nan an fi ba ta girman da ba ta da shi. Man da ta yi suna da shi, abin da ke ciki sananne ne: man basilin, man kwakwa, kakin zuma, farar wuta, da wani sinadarin tagulla, sai turare don ya danne warin farar wutar. Ita farar wuta an daɗe ana maganin cututtukan fata da ita tun kafin a haifi Malone da Walker. Mu ma nan tsofaffi sun san ta.

Abin da ya sa gashin mata ke zubewa a lokacin shi ne yawancin gidajen talakawa ba famfo ba ruwan zafi, ana daɗewa ba a wanke kai ba, ga sabulu mai kaifi da ke cin fata, ga ƙarancin abinci mai gina jiki. Amosani da ƙuraje su cika kai, gashi ya kakkarye. Ita kanta Sarah gashinta ya zube, shi ya kai ta ga neman magani. To abin da ta kawo tsari ne: a riƙa wanke kai a kai a kai, a shafa man a fatar kai a murza, a taje. Rabin warakar daga tsabtar ne. Don haka ko da ka sace haɗin, in ba ka da matan da za su shiga gida su koya wa mutane yadda ake yi, ba ka saci komai ba.

Ummi_Sabon_Layi:
Ni na ji an ce a mafarki aka nuna mata haɗin.

Malama_Binta_Tarihi:
Ummi, ita ce ta riƙa faɗin haka, cewa wani baƙin mutum ya zo mata a mafarki ya gaya mata abin da za ta haɗa, har da wasu kayan daga Afirka. Labarin ya shiga zukatan mata ƙwarai. Amma kada a manta 'yan uwanta maza masu aski ne a St. Louis, ta ga yadda suke kula da fatar kai, kuma ta sayar da kayan Malone kafin nan. Kowa ya auna da hankalinsa.

Dan_Kusugu:
Ni abin da ban gane ba, sai mun tsallaka teku kafin mu samu macen da za mu yi koyi da ita? Uwar Muminai Nana Khadija 'yar kasuwa ce da ayarinta ke zuwa Sham. Mu nan Daura mata sun yi sarauta tun kafin zuwan Bayajidda. A cikin gidajen nan namu akwai matan da ba su taɓa taka kasuwa ba, amma da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suka aurar da 'ya'ya, suka sayi fili, suka je Makka.

Maman_Ilham_KT:
Malam Ɗan Kusugu, babu wanda ya raina su, su ne suka raine mu da wannan guminsu. Don ina ƙaunarsu ne ma nake tambaya. Ina sana'ar take bayan ransu? Wannan ne ciwon. Kamfanin Walker ya ci gaba da aiki har 1981, shekara 62 bayan rasuwarta. Nuna mani mai man kitso ɗaya a Katsina ko Daura da jikokinta ke sayar da kayanta da sunanta a jikin kwalba.

Dillaliya_Yar_Kutungu:
Ku bari in gaya maku abin da ke kashe sana'ar mace a garin nan, ni da nake yawo gida-gida da kaya a jaka: bashi. 'Yar uwa ta ɗauka sai albashi ya shigo, ƙawa ta ɗauka sai an kwashi adashe, dangin miji su ɗauka ba ki isa ki buɗe baki ba. Ga biki, ga suna, ga gudummawa, duk daga cikin uwar kuɗi. Kafin ki ankara jarin ya narke. Tsarin wakilai kuma ai muna da shi tun da can, mu dillalai mu ne wakilan. Bambancin kawai ba wanda ya koya mana komai, ba rubutu, ba yarjejeniya, amana ce kawai. In ta karye shi ke nan.

Baban_Yusra:
Wannan magana ta dillaliya ita ce ta fi kusa da amsar a wajena. Ni lissafin kuɗi na karanta. Abin da ya burge ni a tarihin matar nan shi ne ta san inda iyawarta ta tsaya. Da ta kafa hedikwata a Indianapolis a 1910, sai ta ɗauko lauya, Freeman Ransom, ya riƙe mata harkar doka da gudanarwa, ta yi wa kamfanin rajista ya zama abu mai zaman kansa. Ta ɗauko wata tsohuwar malamar makaranta, Alice Kelly, ta ba ta kula da masana'anta, ita ce kuma ke ƙara mata karatu. Ɗiyarta Lelia ta riƙe reshen Pittsburgh inda suka buɗe makarantar koyon gyaran gashi a 1908, daga baya ta koma New York. Kuɗin kamfani daban, kuɗin cefane daban. Shi ya sa da ta rasu akwai abin da za a gada wanda ya wuce tukunya da ludayi.

Hajiya Mai Humra, da yarinyar nan kin ɗauke ta da takarda, ta san kasonta a kowace kwalba, ga sunanki a jikin kayan da mutane suka sani, da wuya ta ga ribar tafiya.

Hajiya_Mai_Humra:
Malam, takarda tana riƙe wanda ke jin kunya ne. Ita Malone ɗin ba ta da takardun ne Sarah ta tafi?

Zee_Kwalliya:
Hajiya ta kawo magana mai nauyi fa. A ba ta amsa.

Malama_Binta_Tarihi:
Ba mai hana wanda ya yi niyyar tafiya, Hajiya. Amma ku ji yadda ita Walker ta riƙe nata mutanen, don ta san ta ƙofar da ita ta fita. Ba sayar masu da kaya kawai take yi ba. Tana horar da su ta ba su shaidar kammalawa, suna da shigarsu ta farar riga da baƙin siket da jakar kaya, duk inda suka shiga an san na Walker ne. Ta haɗa su ƙungiya-ƙungiya a garuruwa, a 1917 ta tara su babban taro a Philadelphia. A wajen taron ba wadda ta fi ciniki kaɗai ake ba kyauta ba, har da reshen da ya fi taimakon al'umma. Matar da jiya take wanke-wanke a gidan bature, yau tana da sana'ar da take biya wa 'ya'yanta makaranta, ana kiranta da girmamawa. Kamfanin ya ce zuwa wannan shekarar ya horar da mata kusan 20,000. Wasu sun tafi mana, amma wadda ta zauna ta san abin da za ta rasa in ta fita.

Sadiya_Natural:
Ni fa ina da ja a kan matar nan gaba ɗaya. Ba ita ce ta koya wa baƙaƙen mata miƙar da gashi da ƙarfe mai zafi don su yi kama da turawa ba? Wannan tunanin ne ya haifi abin da muke gani yau, yarinya ta ƙona kanta da rilaksa, ta bi jikinta da man bilicin har jijiyoyi su fito. Mu da muke da karkashi da man kaɗanya da man shanu da lalle, gashin kakanninmu har gadon baya.

Pharm_Kabir:
Anti Sadiya, ba ita ta ƙirƙiro matajin ƙarfe mai zafi ba, an riga an san shi tun kafin ta fara sana'a, ko da yake wakilanta sun yi amfani da shi sun kuma yaɗa shi. Ita ta sha nanata cewa aikinta gyaran fatar kai ne da tsirar da gashi. Rilaksa mai sinadari kuma wani abu ne daban. Amma damuwarki kan bilicin ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Masu haɗa man shafawa a gida suna zuba haidirokwinon da mayukan sitiroyid ba ma'auni, wasu mayukan ma har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Duk mai son sana'arta ta yi tsawon rai a cikinku, ta nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta rubuta abin da ke cikin kayanta a jikin roba. Ba a gina suna a kan abin da ke cutar da mutane.

Sadiya_Natural:
Na ji, amma ko ba ita ta ƙirƙira ba ta ci riba da shi. Ban sauka daga ra'ayina ba.

Uwargida_Rafindadi:
Wai shi mijin nata fa, mai sunan da ta ɗauka? Ya taimaka ko ya zame mata kaya?

Malama_Binta_Tarihi:
Charles Joseph Walker, shi ne mijinta na uku, sun yi aure a 1906. Mai nemo wa jarida talla ne, kuma da farko ya taimaka mata ƙwarai wajen tallata kaya. Daga baya suka saɓa, auren ya mutu a 1912, ita ta ci gaba da sunan tunda da shi aka san kayan. Ita kuwa Malone, rabuwarta da mijinta a 1927 ta kai su kotu a kan rabon kamfanin, abin ya girgiza dukiyarta sosai.

A 1912 ɗin nan ne kuma Walker ta je taron 'yan kasuwa baƙar fata a Chicago, wanda Booker T. Washington, fitaccen jagoran baƙar fata na lokacin, ke shugabanta. Ba a ba ta damar magana ba, sai ta miƙe da kanta a cikin taron maza ta ba da tarihinta, daga gonar auduga zuwa bahon wanki zuwa ɗakin girki, har zuwa masana'antar da ta gina a filinta. Shekarar da ta biyo baya gayyatarta aka yi ta hau mumbari.

Ustaz_Kofar_Soro:
Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ta yi da dukiyar. Ta ba da dala 1,000 wajen gina cibiyar matasa baƙar fata a Indianapolis, ta ɗauki nauyin karatun ɗalibai, ta yi alkawarin dala 5,000 ga NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, don yaƙi da kisan gilla da ake yi wa baƙaƙe. A 1917 tana cikin tawagar da ta kai ƙorafi fadar shugaban Amurka kan wannan kisan. A wasiyyarta kuma ta ce kashi biyu cikin uku na ribar da za a samu nan gaba a yi aikin alheri da shi. Mu a shari'armu wasiyya ba ta wuce sulusi, sauran haƙƙin magada ne. Amma muna da ƙofar wakafi, wanda mutum zai yi tun yana da rai da lafiya. Kuma ina jan hankalin 'yan uwa mata: rabon gado ba ya nufin a wargaza sana'a. Magada za su iya barin ta tana tafiya, kowa ya san kasonsa a riba.

Abu_Sadiq_Daura:
Allah Ya saka Ustaz. Ina da tambaya, da gaske ta mallaki miliyan? Ko'ina haka ake rubutawa.

Baban_Yusra:
Kundin bajinta na duniya na Guinness ya sa ta a matsayin mace ta farko a Amurka da ta tara miliyan da guminta. Amma da aka ƙiyasta abin da ta bari bayan rasuwarta, wajen dala 600,000 aka samu, wanda a 1919 dukiya ce mai yawan gaske. Akwai katafaren gidan da ta gina a Irvington kusa da New York, Villa Lewaro, wanda baƙar fata Vertner Tandy ya zana, yana nan har yau. Sai dai ba ta daɗe a cikinsa ba. Hawan jini da ciwon ƙoda suka ɗauke ta a watan Mayun 1919 tana da shekara 51. Likitoci sun ce ta huta, ba ta huta ba.

Dillaliya_Yar_Kutungu:
Allah sarki, 51 kacal. Mata mu riƙa zuwa awon jini don Allah, mu da muke yini a tsaye.

Ummi_Sabon_Layi:
Anti Maman Ilham, ni ɗaliba ce kuma ina son koyon haɗa man gashi. In da gaske kike kan maganar koyarwa, ga ni.

Maman_Ilham_KT:
Ƙanwata da gaske nake, ki yi mani magana ta akwatin sirri, amma sai da iznin iyayenki. Baban Yusra, zan nemi shawararka kan yadda ake rubuta yarjejeniyar kaso. Ni dai har yanzu ina nan kan bakata cewa koyarwa ce ta raba ta da iyayenmu, ko da yake maganar raba kuɗin sana'a da na gida ta shige ni sosai.

Hajiya_Mai_Humra:
Ɗiyata Allah Ya taimake ki, Ya haɗa ki da masu amana. Ni abin da zan iya, in koya wa yarinya tallar kaya da yadda ake turara ɗaki da tufafi, in ba ta kasonta mai kyau. Ma'aunin haɗi kuwa na rubuta shi a littafi na ba babbar ɗiyata ta ajiye, ita kaɗai. Pharm Kabir, in na je rajistar nan da kake faɗi, dole sai na bayyana masu duk abin da ke cikin humrar?

Pharm_Kabir:
Hukumar za ta nemi sanin abubuwan da ke ciki, Hajiya, kuma za a rubuta sunayensu a jikin kwalba. Amma ba a rubuta wa mai saye ma'aunin kowanne, ko tsawon kwanakin da kike jiƙa icce.

Abu_Sadiq_Daura:
Ni dai har yanzu ina ganin sai an gyara wuta da hanya da tsadar kwalba kafin a yi maganar masana'anta. Maman Ilham, robar da kike zuba man a ciki, nan Katsina kike samu ko sai kin aika Kano?